Shagon da ke kan sunanka

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Allah ya sassauta maka gajiyar aiki, ya tsare ka daga duk abin ƙi, ya haɗa fuskokinmu da alheri. Mu nan lafiya lau muke. Ƙafar Umma ta yi sauƙi har tana fita bakin ƙofa da yamma, sai dai magani ne har yanzu sai an kai ruwa rana take sha. Auta ya gama jarrabawa, ya yi tsawo ya wuce ni, wandunan da ka bari kuwa duk ya gaje su da ranka. Na zaɓi in rubuto ne maimakon in kira, domin duk sanda muke waya Umma tana gefe ta kasa kunne, maganar kuma ba tata ba ce tukuna.

Yaya, an rufe mini shago. Ka tuna kafin ka tafi kai ka buɗe mini shi a intanet, ka yi masa rajista da katin shaidarka saboda nawa bai fito ba a lokacin, ka ce ai duk ɗaya ne. Allah ya sa wa abin albarka. Sabulu da man shafawar da nake haɗawa a kicin sun karɓu, har na ajiye koyarwa na kama su hannu biyu, kuma da su nake riƙe gidan nan. To wata safiya na buɗe shafin in duba oda, sai na tarar da sanarwa daga kamfanin da ke da dandalin kasuwar cewa sun dakatar da ni. Wai doka ta tilasta musu su tantance kowane mai sayarwa. Suna son takardar rajista, da lambar haraji, da izinin hukumar lafiya tunda kayana a jiki ake shafawa, sannan mai shagon ya tsaya gaban kyamara riƙe da katinsa. Na tsaya da nawa, na'urar ta ce ba ta san ni ba.

Na tafi ofishin rajista. Matar da ke kan teburin tana da kirki, har kujera ta jawo mini. Ta duba kwamfuta ta ce a wurinsu ni ba kowa ba ce a shagon nan, ko ma'aikaciya ba a rubuta ni ba. Na ce to a mayar da shi sunana. Ta ce sai mai shi ya zo da kansa ya sa hannu, ko ya je ofishin jakadancinmu a can inda yake a buga masa hatimi. Na ce to in yi sabuwar rajista da sunan shagon. Ta ce sunan yana da mai shi, ba a ba mutum biyu. Dariya ta kama ni a wurin, wai yau ni da kai ne muke takarar suna. Idan kuma na ɗauki sabon suna, duk yabon da masu saye suka rubuta a shafin tsawon shekarun nan ya tafi ke nan, in koma baƙuwa a kasuwar da na yi gumi a cikinta.

Na ce bari in rage wata hanyar, na nufi hukumar lafiya. Sun turo jami'i ya duba inda nake aiki. Ya ga tukwanen sabulu kusa da na girki, ya ga kwalabe jere a kan firij, ya girgiza kai. Bai yi mini wulaƙanci ba, ya ma yaba tsabta, amma ya ce dole sai ɗaki na musamman mai ƙofarsa da famfonsa, da takarda daga mai gida cewa ya yarda a yi sana'a a wurin. Mai gidanmu kuwa ka san halinsa. Ya ce shi gidan kwana ya ba da haya, in ya sa hannu gobe za a zo masa da harajin kanti. Na samu wani ɗaki a bayan layin masu walda, mai shi ya ce ba ya ba da haya sai ga mai takardar rajista da sunansa. Ka ga na zagaya na dawo kanka. Kowace ƙofa na ƙwanƙwasa sai a ce makullin yana ɗakin da na baro.

Yanzu katan-katan na kaya sun cika falo, sai a kaikaice muke wucewa zuwa banɗaki. Man yana da lokacin lalacewa, ga zafi, kullum sai na buɗe kwalba ɗaya na shinshina. Waɗanda suka yi oda kafin a rufe, kuɗinsu yana riƙe a wurin kamfanin, ni kuma an hana ni aikawa, sai zagi nake sha a waya. Wata har cewa ta yi dama ta san mu 'yan damfara ne. Gwaggo ta ce in riƙa sayarwa a ɓoye ta waya kamar kowa, amma jami'in nan ya riga ya rubuta adireshinmu, kuma in aka kama kaya babu izini sunanka za a nema, ba nawa ba.

Ban manta abin da ka gaya mini ba, cewa takardun zamanka ba su fito ba, in ka fita ba ka da hanyar komawa, ko ofishin jakadanci ma lauyanka ya ce kada ka kusance shi yanzu. Ban faɗa wa kowa ba. Don haka ba cewa nake ka zo ba, kada ma ka soma. Sabulu bai kai ka zubar da wahalar shekarunka ba. Zan nemi koyarwa ko ta wucin gadi ce, in jira.

Abin da ya fi damuna Umma ce. Ta ji ina gaya wa Gwaggo cewa sai ka zo da kanka, kuma daga ranar take wata walwala da ban ga irinta ba tun tafiyarka. Ta ce ashe hukuma ma tana da ranarta, tunda ita ta kira ka ta gaji, yanzu doka za ta kawo mata kai. Ta sa an kwashe kayana daga ɗakinka, shi ya sa suke falo. An wanke labule, an shanya katifa, kuma duk maƙwabciyar da ta leƙo sai ta ji labari. Nakan buɗe baki in gyara mata zancen, sai in ga fuskarta in fasa. Asirinka ne, ba ni da ikon buɗe shi, ƙarya kuma ta yi mini nauyi. Ka kira ta ka faɗa mata da bakinka, ko ka ba ni izini.

Ka gaishe mini da Kawu da Anti, ka ce Allah ya saka musu da alheri kan riƙon da suke maka. Ka gai da yaransu, Lukuti da Sarkin Kuka, in har yanzu yana amsa sunan. Gwaggo da Auta suna gaishe ka. Umma ma tana gaishe ka ƙwarai, ta ce lallai in tambaye ka ranar da za ka iso, don ta san yaushe za ta aika Auta tasha. Na yi mata alkawari zan rubuta, ga shi na rubuta.

Wassalam. Taka har kullum,
Ƙanwarka.