Takun Masu Lugude a Kan Injin Gudu

Ƙofar Ran, Bauchi.

Zuwa ga Bappa Abdulbaqi a Fatakwal,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai nauyi irin ta ɗa ga ubansa, ina roƙon Allah Ya ƙara maka lafiya da nisan kwana. Mutanen gida duk lafiya lau. Ni kaɗai ne, ɗanka Sabitu, gajiya ta kafa wa hedikwata a cikin ƙashi.

Ka san saura wata guda a yi gwajin gudu na ɗaukar ma'aikatan kashe gobara, kuma gwiwar da na gurɗe a ƙwallo ba ta gama yafe mini ba. A sashen gashin ƙashi an ɗora ni kan wani inji mai shimfiɗa da ke tafiya ƙarƙashin ƙafa, aka ɗaura mini ɗamara daga sama wadda ke ɗauke kashi uku cikin goma na nauyina, ina reto kamar guga a bakin rijiya. Da na ji jikina sakayau, sai na tuna wasiyyarka cewa da faɗin taku ake gane namiji, na shiga tsallen barewa. Minti huɗu, gwiwa ta shigar da ƙara. Madam Juliana, mai kula da ni, ta ce in gajarta taku in yawaita shi. Na yawaita har numfashi ya yi hijira ya bar ni, ta ce wannan kuma ba gudu ba ne, keken ɗinki ne.

Sati biyu muna neman tsakiya, tana tafa mini don takuna ya bi tafin, ina kuskurewa. Ranar Laraba na dawo na zube a zaure, sai na ji ƙannena A'i da Fati suna lugude a tsakar gida, ƙafata tana bin taɓaren ba da iznina ba. Na naɗi sautin a waya. Washegari a kan injin na yi minti goma sha biyar ina bin sa, haki kaɗan, gwiwa shiru. Madam ta ce takun ke nan, ta rage wa ɗamara aiki zuwa kashi ɗaya.

Sai dai ta ce ba za ta sa hannu a takardar lafiyata ba sai na ɗauki nauyina duka da wannan ƙaramin taku. Saboda haka, Bappa, cikin ladabi nake neman izinin saɓa wasiyyarka. Na gaji matuƙa, amma da takun masu daka zan je gwajin.

A gaishe da Inna Juwairiyya da Yasmin. A'i ta ce a sanar da kai ba ta ƙara daka sai na kira ta kociya.

Ɗanka mai ɗauke da kashi tara na kansa,
Sabitu