Ka Ce Musu Kano

Aikin farko yau: ɗebo ruwa a bazan, matattarar ruwan unguwa, kafin masu tulu su cika wurin. Na yi.

Zuwa ga yayana Sale, a Musawwa, can hayin teku, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Ban san ta hannun wa wannan takarda za ta ƙetare teku ba, amma ina rubutawa.

Wani mai kwale-kwale ne ya kawo mana labarinka har unguwarmu Tandabawi, a nan Makka. Ya ce tun da yaƙi ya tashi, sojojin Italiya suka zagaye unguwar Takari, inda mutanenmu ke zaune, da waya mai ƙaya. Shehun unguwa yana nan da rawaninsa, amma ko buhun dawa ba ya shiga sai sojan bakin ƙofa ya yarda. Ya ce sun jera ku suna tambayar kowa garinsu. Da aka zo kanka, ka ce Kano. Nan take suka rubuta ka talakan Ingila, wato abokin gabansu, suka hana ka jirgin Jidda.

Yaya, kai da aka yanke wa cibiya a nan, kana jin kiran sallar Harami daga shimfiɗarka! Ba ka taɓa ganin Kano ba. Ni ma ban taɓa ba. Amma da ni aka tambaya, ina jin abin da zan ce ke nan.

Ka tuna Baba a kan soro bayan la'asar, yana sassaƙa mana garin da baki: ganuwa, marina, ƙanshin ƙasa in ruwan fari ya sauka. Yakan ce, “Duk wanda ya tambaye ku, ku ce masa Kano.” Mu kuwa muna kallon duwatsun Makka muna ganin gonakin gero a kansu.

Kwanakin nan nakan tsaya da alƙalami a hannu a shagon muɗawwif, jagoran alhazan da nake wa aiki, sai in gan ka kana tahowa a kan ruwa da kayan ƙirar da ka tafi sayarwa, wayar tana buɗe maka kamar labule. Sai maigida ya yi gyaran murya.

Umda, wato mai unguwarmu, ya ce zai aika shaida cewa a Makka aka haife ka, ko za su sake ka. Amma yana son wanda ya ga haihuwar da idonsa. Iya Tasalla ungozoma kaɗai ta rage, ga shi ta tsufa tukuf. Na je jiya, ta riƙe fuskata ta ce, “Sale, ya waladi, ɗana, yaushe ka dawo?” Na rasa ko in gyara mata. Wataƙila da na je da hantsi, da ta gane ni. Wataƙila ban iya tambaya ba ne.

Allah Ya sassauta zukatan masu tsaron ƙofar nan, Ya kwantar maka da teku, Ya dawo da kai mu yi ɗawafi kafaɗa da kafaɗa. Amin.

Ƙaninka mai kewarka,
Habu

Gobe, in Allah Ya kai mu:
– Gyara igiyar guga.
– Kai wa matarka gari, kada in ambaci waya.
– Roƙon umda ya ƙara mini lokaci.
– Komawa wurin Iya. In zauna, in yi shiru, in bar ta ta fara.