Ɓeran da Ya Manta da Matarsa

Dijatu,

Gaisuwa mai yawa. Yaya jikin Inna? Haƙorin ɗanmu Bakari ya fito? Ni lafiya lau nake a nan jami'ar Dschang, barci ne kawai ba ya zama.

Kin tambayi aikina. Ɓeraye muke yi wa allurar da ke aiki irin na dopamin, sinadarin sha'awa a ƙwaƙwalwa. Muna toshe tagogi da rana don su ɗauka dare ne, ni kuma ina ƙirga sau nawa namiji ya nufi mace. In allurar kaɗan ce, sai ya bi ta. In ta yi yawa, sai ya manta da ita, ya yi ta gwaguyar ƙarfen keji.

Jiya Madam Kenne mai kula da ɓerayen ta same ni ina gwaguyar biro. Ta ce, "Hamajoda, kai kuma wa ya yi maka allura? Yaushe rabonka da gida?"

Dariya na yi. Wata goma sha ɗaya ke nan, Farfesan da nake aiki a ƙarƙashinsa kuma ya ce ba tafiya gida sai an gama gwajin. Gobe zan sake tuntuɓarsa.

Allah ya tsare min ku. Ni ban manta da ke ba, kejin ne ba a buɗe ba.

Mijinki,
Hamajoda