Maɓallan Rigar Takwara

Zuwa ga Uwar Yara,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da gwiwar nan taki da kowa na gida. Ni dai lafiya lau, sai kewarki. Na zaɓi takarda ne don a waya kullum Auta na tsaye a kaina.

Yau wata biyu da saukata. Auta ta sake yi mini bayanin bizar nan ta iyaye da kakanni. Tambarin da aka buga mini na wata shida ne, taki kuma ba za ta fito ba sai an gama duba gwajin asibitinki. Ma'ana ina ɗaure kaya, ke kina sauka. Shi ya sa za ta nema mini ƙarin wa'adi, mu samu mu zauna tare da jikarmu. Ki dage da addu'a, ban yi wannan doguwar tafiya don mu yi saɓani a filin jirgi ba.

Gidan hawa tara ne, muna na shida. A ƙasa akwai ɗakin wanki, injuna takwas a jere. Ranar farko kujera na ja na zauna ina kallon kaya suna juyawa har aka gama, ban ji kunyar kowa ba. Amma abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne ɗakin da ke kusa da shi, inda ake ajiye abin da ba a so. Wando sabo fil, zif kawai ya mutu, an yar da shi. Shekara arba'in ina ɗinki ban taɓa ganin irin wannan ba. Shin ba su da teloli ne, ko haƙurin ne babu?

Ran Talata na tsinci keken ɗinki a wurin. Na kwance shi a kan teburin cin abinci don in ga cikinsa, ashe zare ne kawai ya cukuikuye a ƙasan allura. Yanzu yana gudu kamar sabo. Takwararki tana zama a ƙafata tana kwaikwayon ƙararsa. Ta fi ki surutu, abin da ban zaci zai yiwu ba.

Ki gaida kowa.

Naki,
Tela

Zuwa ga Uwar Yara,

Sallama da gaisuwa, da fatan jiki da sauƙi. Ni lafiyar jiki akwai, ta zuciya ce babu. Na yi ɓarna, kuma gara ki ji daga bakina.

Akwai wata tsohuwa a hawa na huɗu, mai ƙaramin kare. Ba ma jin yaren juna. Na ga aljihun kwat ɗinta ya yage, na nuna mata da yatsa, ta cire ta miƙo mini. Gaskiya so nake in ga yadda suke sa shafi a ciki, don ɗinkin ba ya nunawa ko kaɗan. Na farke, na gani, na mayar. Daga nan sai direban bas na hawa na biyu ya kawo wando, sai wata malamar asibiti, sai wasu. Ban karɓi komai a hannun kowa ba. Kowace riga sai na juya cikinta na ƙare mata kallo, ladana ke nan.

Ashe tsohuwar nan, don jin daɗi, ta rubuta takarda ta manna a allon sanarwa kusa da lif, na'urar hawa bene: akwai tela a gidan, ga lambar ƙofarmu. Kwana tara tana wurin ina wucewa ta gabanta, tunda ba na iya karanta rubutunsu. Auta ce ta gani, ta ciro ta, ta hauro da ita.

Bizata ta ziyara ce, an hana ni aiki, kuma da hannuna na sa hannu a kan haka. Ni a saninna aiki shi ne ka buɗe shago. Gyara wa maƙwabci aljihu kuma ai zaman tare ne. Lauyan da ke haɗa mana takardu ya ce mai dubawa zai iya ɗaukar takardar nan a matsayin talla, kuma mai kula da gidan ya riga ya ɗauki hotonta. Tunda Auta ce ta ɗauki nauyinmu mu biyu, abin zai iya shafar har da taki.

Na yi faɗa, kin san halina. Daga baya na ga Auta tana kuka a kicin, sai kunya ta rufe ni. Ina jin tsoro, Uwar Yara. Idan bin diddigina ya hana ki ganin takwararki, ban san da wane ido zan kalle ki ba.

Ki yafe mini.

Naki,
Tela

Zuwa ga Uwar Yara,

Assalamu alaikum, ina gaisuwa, ina kuma yi mana barka. Dariyarki a waya jiya, da kika ce bizarki ta fito, har yanzu tana kunnena. Ga nawa labarin a tsanake.

Lauya ya ce mu faɗi gaskiya duka, muka faɗa. Tsohuwar ma ta rubuta tata wasiƙar, shafi biyu, cewa ita ta manna takardar ban sani ba. Sati bakwai muna jira. A cikinsu direban bas ya sake zuwa da wando, na mayar da shi daga bakin ƙofa. Tunda nake ban taɓa korar mai yagaggen kaya ba, ranar ko abinci ban iya ci ba. Shekaranjiya amsa ta zo: an ƙara mini wata shida, tare da gargaɗi a rubuce. Na karɓi gargaɗin hannu biyu.

Kin san bakina ba ya rasa tambaya. Na sa Auta ta tambayi lauya ko kaka zai iya ɗinka wa jikarsa riga. Ya yi dariya ya ce wannan kam babu laifi. Na yi wa takwararki shuɗiya, da irin shafin nan nasu da na koya, ɗinkin ba ya nunawa. Za ki juya cikinta ki nema ki rasa.

Sai dai ba ta da maɓalli. Auta ta ɗauko allura za ta sa, na hana ta. Shekara arba'in ni ke yanka in ɗinka, ke ki sa maɓalli, ba a nan zan canja ba. Guda biyar ne farare, suna cikin kofi a kan taga. Yarinyar kullum sai ta leƙa ta tambayi yaushe mai maɓallin za ta zo.

Ki taho da tabaranki. Kuma ki yi sauri, don tsawo take yi, na bar mata ninki ɗaya ne kawai a ƙasa.

Mai jiranki a bakin ƙofar fitowa,
Tela