Kyamarar Baba Ba Ta Ƙarya

Zuwa ga Yayana,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Anti da yaran. Yaya aiki, yaya tarin nan naka? Mu nan lafiya lau, in ka cire idon Baba.

A kan idon nasa na rubuto. Ka san makarantar firamaren da yake ɗaukar hoton 'yan aji shida tun ba a haife ni ba. Hotunan bara sun fito dishi-dishi, har wata uwa ta dawo da nata wai ba ta gane ɗanta ba. Shugabar makarantar ta kira ni gefe ta ce bana ne gwaji na ƙarshe. Likita ya ce yana ce ke rufe idon, aiki za a yi tun ba ta yi kauri ba. Baba ya ce likitan yaro ne.

Ka san kyamararsa da hannu ake saita ta. Ka leƙa 'yar tagar baya, ka ga da'ira a rabe biyu, ka yi ta murza zoben gilashin gaba har rabin sama ya haɗe da na ƙasa. Wannan haɗewar ce ba ya gani. Akwai ɗan gilashi kamar maɓallin riga da ake ɗaura wa tagar, ko zai rage masa kafin in shawo kansa. Shi kaɗai nake so ka nemo. Don Allah kada ka yi mini ƙari, na san halinka.

Ƙanwarka,
Auta

Yaya,

Ina gaishe ka, a gaida Anti. Saƙo ya iso, kuma da kana kusa da na yi maka rashin kunya. Na ce maɓallin riga, ka aiko mini da kyamara sukutum, mai saita kanta. Na san kamfani ɗaya ne, na san ka sha yawon kasuwa. Amma ba ka san sun canja bakin da ake ɗaura gilashi ba? Gilasan Baba ko ɗaya bai shiga ba. Ya gwada, ya sake gwadawa, ya ajiye ta kan kanta kusa da gwangwanin gam.

Daga nan ya zaunar da ni ya karanto mini dangin kyamarori, kamar ban taɓa ji ba. Babbar yaya ƙarfe zalla ce, ba batir, ba allurar auna haske, in ta faɗo maka a ƙafa sai ka ɗingisa. Mai bi mata ita ce tasa, an ƙara mata allura, batirin na allurar ne kawai, ko ya mutu tana ɗauka. Bayan 'yan shekaru aka fito da mai zaɓar wa mutum saurin ɗauka, wadda in batir ya ƙare ta zama dutsen guga. Sai taka. Ya ce ita ce auta, kamar ni, ba nauyi sai surutu.

Ni ban yi dariya ba, don na ga ransa ya ɓaci. Ya ce wato mun haɗa baki mun mayar da shi makaho. Ya dafa kyamararsa ya ce wannan abin da ido ya gani ta madubin ciki shi take sawa a fim, ba ta taɓa yi masa ƙarya ba. Ita za ta raba mu. In hotunan bana suka fito dishi-dishi, da ƙafarsa zai je asibiti. In suka fito tas, kada wanda ya ƙara kawo masa zancen likita.

Ka ga inda kyautarka ta kai mu. Ni yanzu ban san wanne zan roƙa ba.

Auta

Yayana,

Ina fatan kun wuni lafiya.

An yi hoton. Na riƙe masa jaka kamar kullum. An jera yara a benci, na baya a tsaye, shugaba a tsakiya. Baba ya kafa kyamara kan ƙafa uku, ya leƙa, ya murza, ya daɗe yana murzawa har yara suka fara ƙus-ƙus. Ya ɗago ya ce ya yi. Na dubi lambobin da ke jikin zoben. Zoben ya tsaya kan mita biyu, yaran kuwa sun fi mita biyar da mu.

Yaya, na san abin da ya kamata. In yi shiru, hoton ya lalace, ya je asibiti. Amma sai na ga shugabar ta kalli malamin da ke gefenta ta taɓe baki, ga Baba tsaye cikin rigarsa mai aljihu huɗu da ya goge da kansa. Na ce, "Baba, gilashin ya yi ƙura." Na zaro hankici, na goge, na murza zoben ya koma daidai. Duk hoton da zai ɗauka haka na yi. Har faɗa ya yi mini wai zan kankare masa gilashi.

Jiya aka wanko. Har igiyar takalmin yaran ana gani. Shugabar ta ce ba mai karɓe masa aikin nan. Ya dawo shago yana tafiyar da rabon da in ga ya yi ta tun Mama na da rai, ya riƙe hoton dab da hancinsa yana nuna wa tela da mai gyaran agogo.

Ya ce in gaya maka ka bar wahalar neman gilashi, idonsa garau. Ya sa na kira asibiti a gabansa na soke ranar da na kama mana. Da safen nan ya miƙa hannu zai ɗauki kofinsa, ya ɗauki gwangwanin gam.

Na buɗe baki ya fi a ƙirga, na kasa. Ka bar aiko da kaya. Ka zo da kanka, ka zauna kusa da shi lokacin da zan faɗa masa.

Ƙanwarka,
Auta