Duhun Sabon Talabijin

Ishpeming, 9 ga Oktoba

Noreen,

Bayan gaisuwa, da fatan kina lafiya ke da yara. Mijinki ma, in ya tambaya.

Na rubuto ne don ba zan ɗauki wayarki ba, ki daina wahalar da kanki. Kwana goma sha ɗaya na yi a asibiti ana gyara mini ƙugu, na dawo na tarar kun shiga gidana kamar masu rabon gado. Talabijin ɗina mai ƙusumbi, wanda ni da uwarki muka saya tun kina 'yar makaranta, kun kai shi juji. Kun maƙala mini wani baƙin faranti a bango. Wa ya roƙe ku?

Kin san ba labarai nake kallo ba. Akwatin wasan bidiyo na marigayi yayanki Curtis nake haɗawa, wasan nan na mutumin da ke yawo a kogo da fitila. Shekara ashirin da huɗu ke nan ina yin sa, tun da muka binne shi. Da can uwarki ce ke karanta mini rubutun da ke fitowa, tunda ni a aji shida na tsaya, har na haddace. Yanzu a farantin nan naku, da na shiga kogon sai duhu ɗif. Ramin da na sani kamar yunwar cikina, jiya sau bakwai na faɗa.

Shekara talatin da ɗaya na yi a ƙarƙashin ƙasa ina haƙo ƙarfe. Ba wanda zai koya mini duhu.

Uwarki tana nan yadda kika bar ta a gidan tsofaffi na Marquette. Kullum ina tuƙa a-kori-kurata mil goma sha biyar in ba ta abincin rana, don har yau ba ta buɗe wa kowa baki sai ni. Jiya ta tambaye ni ko ni ne mai gyaran famfo.

Ubanki,
Eino Kangas

Green Bay, 16 ga Oktoba

Baba,

Gaisuwa mai yawa da fatan ƙugu yana sauƙi. Ka yi haƙuri. Tsohon talabijin ɗin ƙauri yake yi ta baya, tsoron gobara ya sa muka fitar da shi. Ya kamata mu jira ka, na yarda.

Mijina Dale ya ce in gaya maka kana da gaskiya. Waɗancan wasannin an gwada haskensu ne a kan talabijin irin naka na da, shi ya sa a na zamani wuraren inuwa suke haɗewa su zama baƙi ƙirin. Yana da gyara. Kafin ka fara wasan, ka shiga inda ake saita haske. Za ka ga baƙin allo, da lamba daga ɗaya zuwa goma a ƙasa. A tsakiyar allon akwai hoton ƙaramar fitila a ɓoye. Ka riƙa ƙara lambar har fitilar ta fara bayyana, sai ka tsaya nan. Dale ya aro irin wasan ya gwada a namu, iri ɗaya ne da naka, a huɗu ta fito.

Ka sumbaci Mama a madadina.

'Yarka,
Noreen

Ishpeming, 2 ga Nuwamba

Noreen,

Ina gaisuwa. Ki gaya wa malamin naki na bi karatunsa. Huɗu, babu fitila. Shida, babu. Na kai goma, na kuma ɗauki rimot na ƙure hasken farantin kansa. Babu ko alamarta. Ko dai an sayar muku da gurɓatacce, ko kuma shi ya riƙe mai kyan.

Na ba Arvo, abokin aikina na rami, labari a shagon kofi. Ya ce, "Kai tsoho, ko dai fitilar kanka ce mai ya ƙare?" Na ce, "Kai da ka auri matarka a duhu, kai ne za ka yi mini maganar ido?" Har mai shagon ta zubar da kofi don dariya.

Komai na yanzu haka yake, ana rage masa. Ƙwan lantarkin kicin ba ya haske kamar da. Titin Marquette ma sun daina shafa masa fenti, layin tsakiya sai ka yi da gaske.

In kuna zuwa bikin godiya na ƙarshen watan nan, kada ki kawo talotalon kanti. Zan gasa nawa.

Ubanki

Green Bay, 29 ga Nuwamba

Baba,

Ina gaishe ka, mun iso lafiya. Abin da na kasa faɗa a gabanka ne zan rubuta.

Ran Alhamis da ka kunna wasan don ka kunyata Dale, ina bakin ƙofar kicin da ludayi a hannu. Baba, allon ya yi fari fat kamar an zuba masa madara. Fitilar nan tana tsakiya, daga inda nake ina ganin har mariƙinta. Kai kuma kana zaune taku biyu da ita kana cewa, "To, injiniya, ina take? Nuna mini!" Dale ya kalle ni, na girgiza masa kai, ya ce, "Haka ne, Baba, ba ta fito sosai ba." Ka yi dariya ka ce a ƙara maka nama.

Da na fita zubar da shara na ga gefen motarka a gurje tun daga fitila har ƙofar baya. Ma'aikaciyar da ke kula da Mama ta ce sau biyu kana hawa da mota kan dakalin da ake tura kekunan tsofaffi.

Na san abin da motar nan take gare ka, na san Mama ba ta ci sai daga hannunka. Amma ƙanƙara ta fara zuba, kuma a titin nan muka rasa Curtis. Na karɓo maka rana wurin likitan ido, 12 ga Disamba. In ba ka je ba, zan rubuta wa ofishin lasin tuƙi su kira ka gwaji. Ka tsine mini in ka ga dama.

'Yarka,
Noreen

Ishpeming, 4 ga Disamba

Noreen,

Babu gaisuwa.

Ashe a teburina, da namana a bakinku, kuke ƙifta wa juna ido a kaina. Sannan ki sa sunan yayanki a bakinki don ki karya ni. Kun sa uwarki a gidan can kun ce don lafiyarta. Kun kwashe talabijin kun ce don lafiyata. Saura mota, sannan gida. Wa zai ba ta abinci? Ke da ke zuwa sau huɗu a shekara?

Ba zan je wurin likitan ba. Arvo yana da talabijin irin nawa sak a garejinsa, ran Asabar za mu ɗauko. Da kanki kika rubuta cewa wasan don irinsa aka yi. In na haɗa na ga fitilar, ki yaga takardarki, ki kuma zo ki ba ni haƙuri a tsaye.

Eino Kangas

Ishpeming, 8 ga Disamba

Noreen,

Ina gaisuwa.

Mun haɗa. Arvo ya ga fitilar a uku. Na ce ƙarya yake, ya kama yatsana ya ɗora a kan gilashin, ya ce, "Ga ta nan, Eino." Bai yi mini tsiya ba, ya ɗauki hularsa ya tafi.

Makullin motar yana cikin ambulan ɗin nan. Da ƙafa na zo gidan waya.

Uwarki tana cin abinci ƙarfe sha biyu da rabi. Duk wanda za ki tura, ya zauna ta hagunta, ta dama tana firgita. Ya fara kai cokalin bakinsa ta gani. Kada ya ce mata Mama, ba ta san wannan ba, da sunanta Lorraine zai kira ta. In ta kawar da kai sau uku a bar ta, a dawo bayan minti goma. Yau kwana biyu ban je ba, na buga waya sun ce ruwa kawai ta sha.

Ban yafe miki ba. Ki yi sauri.

Ubanki