Ba Mu Tsaya a Kusugu Ba

Zuwa ga mahaifiyata, Hajiya Rabi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji. 'Yarki ce Binta, daga gidanmu na Gyadi-Gyadi.

Inna, jiya aka yi sadakar arba'in ɗinki. Bayan an shafa, Yaya Kabiru ya karɓi lasifika a ƙofar gida, ya ce shi dai alhamdulillahi ya cika wa mahaifiyarsa burinta na ƙarshe, ya kai ta Katsina, ya zaga da ita duk inda ta so gani. Muna cikin gida muna ji. Lomar da ke bakina na kasa haɗiye ta, sai da na je bakin rariya na tofar.

Kin san yadda aka yi. Amma ina so in rubuta, domin tun ranar ban faɗa wa kowa ba.

Da likita ya ce zuciyarki ta gaji, ni da nake aikin jinya a asibitin na gane abin da bai ƙarasa faɗa ba. Ke ma kin gane. Kika ce a mayar da ke wurin yayarki Iya Abu a Katsina, amma ba ta hanyar da aka saba ba. Ta Daura kike so, kuma a tsaya wuri uku. Bakin ruwan Kazaure, inda Baba ya taɓa saya miki soyayyen kifi kuna sababbin aure. Rijiyar Kusugu, wadda tun kina yarinya kike jin labarinta ba ki taɓa shan ruwanta ba. Sai hasumiyar Gobarau, ki gan ta da rana kafin ki shiga gida.

Sati biyu ina shiri. Na rubuta komai a bayan wata tsohuwar takarda. A tashi bayan asuba kafin rana ta yi zafi. Maganin safe a Kazaure. A Daura akwai wata ƙawata da muka yi makaranta, ta ce za ta share miki ɗaki ki kama ruwa, ki yi azahar, ki miƙe ƙafafunki da suka kumbura. Malam Sani direba na Darmanawa ya yarda zai kai mu, ya ce zai tuƙa ki kamar mai ɗauke da ƙwai. Kullum sai kin sa na karanta miki takardar, kina gyara ni. Kika ce, "A sa barkono da yawa a kifin, likita ba ya cikin motar."

Ana saura kwana biyu Yaya ya zo. Sojoji sun koma bariki, farar hula ta dawo, ubangidansa ya ci zaɓe, shi kuma yana ta zaryar neman muƙami. Ya ce abin kunya ne uwar mutum irinsa ta shiga motar haya. Ya sallami Malam Sani ba tare da ya tambaye mu ba.

Tun ƙarfe biyar kika yi wanka kika ɗaura atamfarki mai ganye. Bai zo ba sai goma saura. Motoci uku, an manne su da hotunan ubangidan nasa, cike da maza da ban san ko ɗaya ba. Aka cusa ki a kujerar baya tsakanina da wata shugabar matan jam'iyya, wadda ta kwashe hanya tana cin goro tana tofarwa ta taga. Na gaba kuwa sigari yake zuƙa. Na ce masa akwai mai ciwon zuciya a motar. Ya sauke gilashi kaɗan ya ci gaba.

Da muka isa Kazaure na ga ruwan yana ƙyalli a gefen hanya. Kika ɗaga kai, kika dafa hannuna. Motar ba ta ko rage gudu ba. Gidan wani Alhaji muka zarce, wanda aka ce maganarsa tana shiga a sama. Suka shige ciki aka bar mu a rana, awa biyu cur. Can sai ga Yaya ya fito da Alhajin, yana ta rusunawa kamar zai kifa, ya nuna ki ta taga yana cewa, "Ranka ya daɗe, ga tsohuwata, takanas na ɗauko ta daga gadon jinya ta sa maka albarka." Kika ɗaga hannuwan nan naki masu rawa kika yi wa mutumin addu'a, mutumin da bai ko tambayi jikinki ba. Mai hoto ya ɗauka. A nan na gane dalilin motocin, Inna. Tallarki ya fito yi.

Abin da ya faru a kujerar baya tsakanin Kazaure da Daura ba zan rubuta shi ba. Kin riƙe iya riƙewa saboda kunyar maza. Na cire mayafina na rufe miki cinya, matar nan ta matsa jikin ƙofa tana toshe hanci da gefen gyalenta. Ke da ba a taɓa ganin ko ɗigon miya a zanenki ba. Kika juya fuskarki gefe.

A Daura mun wuce ta unguwar rijiyar. Na ce Yaya, ga Kusugu. Ya ce, "A dawowa." Ya san ba da ke za a dawo ba. Wani gidan ya sake shiga, aka kawo musu kaji. Da ƙyar na samu wata mata a maƙwabta ta bar mu muka shiga na wanke ki, na canza miki zane. Ƙawata tana can tana jiranmu da ɗaki a share har la'asar.

Ana kiran magariba muka shiga Katsina. Gobarau ko inuwarta ba ki gani ba. Iya Abu ta rungume ki ta tambayi hanya. Ina tsaye ina jira ki faɗa. Kika ce, "Lafiya lau, yaran nan sun yi ƙoƙari." Kwana goma sha ɗaya kika ƙara a duniya.

Inna, saura abu guda, kuma shi ya fi tayar mini da hankali. Ni ma'aikaciyar jinya ce, ina tsawata wa manyan mutane a ɗakin marasa lafiya idan suka takura wa majinyaci. A ƙofar gidan Alhajin nan da na buɗe mota na ɗaga murya, da an juya da ke. Ban yi ba. A jakata, ƙarƙashin magungunanki, akwai takardar neman aiki ta mijina, shekara uku yana zaune, kuma Yaya ya yi alkawarin miƙa ta. Na ji tsoron ɓata masa rai. Na zauna ina yi miki fifita da kwali ina haɗiye magana.

Ran Litinin takardar ɗaukar aikin ta zo. Mun karɓa, Inna. Yara suna ta tsalle, maƙwabta suna shigowa barka, ni kuma ina amsawa.

Ki yafe mini, Innata. Na san da kina kusa cewa za ki yi ba komai, shi ya sa na kasa yafe wa kaina.

Allah Ya jiƙanki, Ya haskaka kabarinki, Ya yalwata miki shi. Allah Ya shirye ni, Ya shiryi Yaya Kabiru, ko da yake har yanzu sai na tilasta wa harshena kafin sunansa ya fita a addu'a. Allah Ya haɗa mu a inda ba za ki ƙara rufa mana asiri ba. Amin.

'Yarki mai jin kunyarki,
Binta